Tarihin Fairfax ko na Cromwell, wanne za a saya?

Malam, tunda kuɗin littafi ɗaya gare ka, ɗauki na Thomas Fairfax.

Nawa har bangonsa ya saki saboda yawan aro. Mutane suna jin yaƙin basasar Ingila sai su ce Oliver Cromwell, wanda ya mulki Ingila bayan yaƙin, alhali da majalisar dokoki ta kafa sabuwar rundunarta a 1645, Fairfax ta damƙa wa ragama yana ɗan shekara 33. Cromwell na ƙarƙashinsa ne, yana jan sojan doki. A hannun Fairfax aka karya lagon Sarki Charles na ɗaya a Naseby, ranar 14 ga Yuni na shekarar.

Wurin da yarana suke sa ni in maimaita musu shi ne yaƙin Marston Moor, 1644. An tarwatsa ɓangaren Fairfax, an sare shi a kumatu, sai mutumin nan ya cire farar alamar sojojin majalisa da ke hularsa, ya ratsa ta cikin sojojin sarki ba wanda ya gane shi, har ya isa wajen Cromwell. Da Oxford, hedikwatar sarki, ta miƙa wuya a 1646 kuma, ya sa masu gadi a ɗakin karatu na Bodleian don kada a wawashe littattafai. A 1649 aka sa sunansa cikin masu yi wa sarki shari'a, ya ƙi zama a kotun. Matarsa Anne ce ta ɗaga murya daga wurin 'yan kallo tana nuna adawa da shari'ar. A 1650 ya ajiye muƙami maimakon ya kai wa Scotland yaƙi. Ba waliyyi ba ne fa: bayan kame Colchester a 1648 ya sa an harbe kwamandojin sarki biyu, Lucas da Lisle.

Na Cromwell ma ina da shi, yana can kan kanta ƙura ta rufe shi. Rabi siyasa ne da wa'azi, ga kisan da sojojinsa suka yi a garin Drogheda na Ireland.

Sannan ka yi hattara da masu sayarwa a intanet. Wasu fotokwafi suke ɗaure wa bango mai ƙyalli su ce na asali ne, ka buɗe ka tarar taswirorin yaƙi sun zama baƙi ƙirin, shafukan ƙarshe babu. Ka ce a turo maka hoton taswirar Naseby da shafin ƙarshe kafin ka tura ko sisi.