Sitabilaizan da na sawo wa hom tiyata ta

Wallahi sai da amfilifaya ta ta ƙone a damina sannan na yi hankali, wuta aka kawo da ƙarfi cikin dare sai ƙauri kawai muka ji a falo. Na je neman sitabilaiza, na'urar daidaita ƙarfin wuta, wajen wani mai kayan wuta a babbar kasuwar Katsina ya ce mani "Alhaji ɗauki mai ƙarfin 2000VA, talabijin da dikoda da lasifiku duk zai ɗauka", na ɗauka.

Wata huɗu kenan, gaskiya yana aiki. Wutarmu a Ƙofar Ƙaura wani lokacin allonsa volt 160 yake nunawa maimakon 230, yana jawo ta sama, kuma abin da ya fi burge ni shi ne maɓallin jinkirin nan, in aka maido wuta sai ya ɗan dakata kafin ya sake ta ga kaya. Amma ƙarar ƙas-ƙas ɗinsa tana damuna in ana kallo da daddare, Hajiya har ta yi ƙorafi.

Kuma fa baya ajiye wuta, in an ɗauke komai mutuwa yake, wannan aikin UPS ne, na'urar nan mai batir da ke ajiye wuta. In hadari ya taso da tsawa kam zare soket nake gaba ɗaya.