Daga Dabino Zuwa Kafso: Me Ɗan Wasa Zai Saya a Zariya Don Ya Daɗe Bai Gaji Ba?

Watan jiya ɗan yayata, wanda ke shirin zuwa tantancewar shiga soja, ya shigo mini da wata 'yar kwalba a aljihu. Kullum bayan sallar asuba yakan tashi da gudu daga Kwangila ya bi titin Sakkwato har Samaru, sannan ya juyo. Matsalarsa ita ce a dawowa ƙafafunsa kan mutu, sai ya ƙarasa da tafiya. Kwalbar a tasha ya saye ta: wani baƙin ruwa mai kauri, an manna mata takarda mai hoton zaki, babu jerin abubuwan da aka haɗa, babu ranar lalacewa.

"Kawu, mai maganin ya ce murfi ɗaya ya isa. Sai in yi awa biyu ina gudu ban ji komai ba."

Na ce, "To me kake ci kafin ka fita?"

Ya ce ba ya cin komai, wai kada cikinsa ya yi nauyi. Ruwa ma sai ya dawo gida yake sha.

Irinsa suna da yawa a garin nan, daga 'yan ƙwallon unguwa a Tudun Wada zuwa ɗaliban ABU masu zagaye fili da yamma da masu ɗaga ƙarfe a Sabon Gari. Kowa na neman abin da zai sha ya ƙara masa juriya, kuma 'yan kasuwa sun gane haka. Kafin ka fitar da kuɗinka, ga yadda kayan suke idan aka jera su aka auna.

Tsoka tana da rumbun sukarinta, wanda likitoci ke kira gilaikojin, akwai kuma wani a hanta. Idan kana gudu mai ƙarfi ba tsayawa, rumbun nan kan yi ƙasa sosai cikin minti 90 zuwa awa biyu. Wanda ya kwana bai ci ba ya fito da asuba, na hantarsa ya riga ya ragu tun cikin dare. Mutuwar ƙafar da yaron ke kuka da ita ke nan, kuma babu saiwar da ke cika wannan rumbu sai abinci. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Masana abincin 'yan wasa sun ce wanda zai wuce awa ɗaya yana motsa jiki yana buƙatar giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci a kowace awa.

Abin taunawa

A nan dabino ya yi wa kowa fintinkau. Giram 100 na dabino na ɗauke da wajen giram 70 na sukari, ke nan ƙwaya biyar ko shida na ƙanana sun ba ka giram 30 ɗin da ake magana. Ba ya narkewa a aljihu, ba ya lalacewa a zafin bazara, kuma a kasuwar Sabon Gari ko ƙofar kowane masallacin Juma'a za ka same shi. Sai dai ka zaɓa. Busasshen nan mai tauri da ake kawowa daga Nijar ya fi araha, amma tauna shi kana haki aiki ne, yana iya shaƙe ka. Ko ka jiƙa shi tun dare, ko ka sayi mai laushi ka cire ƙwallon tun a gida. Ka riƙa fasa ɗaya ko biyu a gaban mai sayarwa, domin tsohon dabino yakan yi tsutsa a ciki alhali bayansa lafiya lau. Ba sai ka sayi ajwa mai tsada don gudu ba; sukarin da tsoka ke nema yana cikin na talaka ma.

Ayaba matsakaiciya tana ba da wajen giram 25, kuma ta fi dabino sauƙin haɗiya. Aibinta ɗaya, ba ta jure aljihu. Ta dace da hutun rabin lokaci ko minti 30 kafin a fara. Zuma cokali babba ɗaya tana da wajen giram 17, amma zumar bakin titi sau da yawa dafaffen sukari ne ka saya da kuɗin zuma. Abin dariyar shi ne ko ta jabun za ta yi maka aikin gudu, kuɗinka ne kawai ya tafi a banza. In haka ne gara ka sayi mazarƙwaila ka san abin da ka saya. Muna kusa da Maƙarfi, ƙasar rake, ba ta yi mana wuya. Gutsure kamar girman ƙwan zabo ka sa a kumatu, tana narkewa a hankali.

Akwai 'yan ledojin jel na ƙasashen waje da ake yin oda ta intanet ko a samu a manyan kantunan Kaduna da Abuja. Kowace leda tana da giram 20 zuwa 25 na sukari, wato daidai da dabino huɗu ko biyar, a kan kuɗin da zai saya maka dabinon sati guda ko fiye. Ba na kushe su. Wanda zai je gudun famfalaƙin Legas mai kilomita 42 zai ji daɗinsu, don ba sai an tauna ba kuma ka san adadin da ka sha. Ga mai tirenin ɗin yau da gobe kuwa, almubazzaranci ne.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne ɓangaren gyaɗa da danginta. Ƙuli-ƙuli, dakuwa, kantun riɗi da aya duk abinci ne masu kyau, amma mai da dusa sun yi musu yawa, suna daɗewa a ciki kafin su narke. Ka ci dakuwa uku minti goma kafin a take wasa, za ka ji ta zaune a ƙirjinka har a tashi. Wurinsu bayan an gama ne, ko awa uku kafin a fara. Ƙuli-ƙuli kuma a kula da inda aka saya, saboda gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai cutar da hanta, kuma suya ba ta kashe ta gaba ɗaya. In ka ji ɗaci ko warin rima, tofar.

Bayan wasa ban ga abin da ya kai fura da nono ba: gero ya mayar da sitaci, nono ya ba da furotin da ruwa. Awara da dafaffen ƙwai ma sun isa, ba sai ka nemi garin furotin na roba ba.

Ruwa kuwa, a watan Maris da Afrilu gumi kan tafi da gishirin jiki sosai, a hunturu kuma iska ce ke busar da kai ba ka sani ba. Lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Haɗin da ake yi wa yara masu gudawa ne, kuma yana yi wa mai dogon gudu aiki. Ka matsa lemon tsami ko ka jiƙa tsamiya in ɗanɗanon ya dame ka.

Goro, kofi da lemon gwangwani

Cikin duk abin da ke fitowa daga tsiro, kafeyin ne aka fi tabbatar da cewa yana ƙara juriya. A 2018 ƙwararrun da kwamitin Olamfik na duniya ya tara sun lissafa abubuwa biyar kacal da suke da gamsasshiyar hujja, kafeyin na ciki. Yana rage jin gajiya a ƙwaƙwalwa, sai aikin ya zo maka da sauƙi. Abin da aka gwada shi ne miligiram 3 zuwa 6 a kan kowane kilo na nauyin mutum, kamar awa ɗaya kafin a fara. Mai kilo 60 ke nan miligiram 180 ya ishe shi, kuma ƙarin da ya wuce kima ba ya ƙara gudu, sai dai rawar hannu, bugun zuciya da rashin barci. Babban mutum mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 a yini.

Goro yana da shi, kakanninmu fatake da shi suka riƙa keta daji zuwa Gwanja. Matsalarsa ba ka iya auna abin da ka ci, wani ɓari ya fi wani ƙarfi, ga shi yana tayar wa mai olsa da ciwo in ciki babu komai. Kofin gari ya fi sauƙin aunawa, kuma ya fi araha. Lemon ƙara kuzari na gwangwani shi ne mafi tsada a ukun: Red Bull mai mililita 250 yana da miligiram 80, sauran sai ka karanta jikinsu, domin wasu robobin sun ninka wannan girman. Gas ɗin ciki yana kumbura ciki a guje. Ni dai kofi nake zaɓa. Yaron da bai kai shekara 18 ba, da mai hawan jini ko ciwon zuciya, su bar wannan babin gaba ɗaya.

Ganye, saiwa da kafso

Bitirut, jan tushen nan da masu kayan lambu ke sayarwa kusa da karas da kabeji, shi ma yana da hujja. Sinadarin naitiret da ke cikinsa yana sa tsoka ta yi aiki da ƙarancin iskar oksijin. Ana shan ruwansa awa biyu zuwa uku kafin wasa. Ƙwayoyin bakteriyar da ke cikin baki ne ke fara sarrafa shi, don haka kada a bi shi da ruwan kuskure baki na kemis. In fitsari ya yi ja washegari kada ka tsorata. Ribar ba ta da yawa, kuma ta fi bayyana ga matsakaicin ɗan wasa a kan gogagge. Alayyahu ma na da naitiret.

Zogale ganye ne mai gina jiki, amma kafso ɗinsa da ake sayarwa da tsada garin ganyen ne da ke bayan gidanku. Ka ci kwaɗonsa. Zoɓo abin sha ne mai daɗi, yana ɗan sauke hawan jini, ba ya ƙara gudu. Citta tana ɗan rage tsamin jiki.

Sai na kemis da na intanet. Jinsen, wata saiwa ta ƙasashen Asiya, an daɗe ana gwada shi, sakamakon ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ashwaganda ta Indiya wasu ƙananan gwaje-gwaje sun nuna tana ɗan taimakawa, amma an samu waɗanda ta taɓa musu hanta, har Denmak ta hana sayar da ita a 2023. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne kafson da aka rubuta wa Tribulus, da samarin jim ke rububi wai yana ƙara sinadarin maza. Tsidau ne fa, ƙayar nan da ke fasa mana tayar keke. Gwaji a kan mutane bai nuna yana ƙara komai ba.

In har sai ka sayi na kwalba, juya ta ka karanta. Ka nemi lambar NAFDAC, jerin abubuwan da ke ciki da adadinsu, sunan kamfani da adireshi, da ranar lalacewa. Magungunan gargajiya galibi lambarsu tana ƙarewa da harafin L, kuma ana rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Ma'anarta an duba ba guba ba ne, ba wai an tabbatar yana aiki ba. Duk maganin da aka ce yana maganin basir da sanyi da taifot da ƙarfin maza da gudu a lokaci guda, ajiye shi.

Haɗarin marar suna ya wuce asarar kuɗi. Haɗin "gargajiya" da ke aiki nan take sau da yawa an zuba masa maganin bature a ɓoye, kamar tiramadol ko deksametason ko maganin ƙarfin maza. Tiramadol ba ya ƙara ƙarfi, ciwon ne yake ɓoyewa har ka ji rauni ba ka sani ba, ga kamu, ga farfaɗiya. Daga 1 ga Janairun 2024 WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta duniya, ta haramta shi a lokacin gasa, kuma dokarta ba ta karɓar "ban sani ba". Kolo Toure ya sha dakatarwar wata shida a 2011 saboda ƙwayar rage ƙiba ta matarsa. Andre Onana, yana Ajax a 2021, ya sha wani maganin matarsa bisa kuskure, aka ba shi shekara guda kafin a rage zuwa wata tara. Waɗannan suna da lauyoyi da likitocin kulob. Yaron da ke neman kakin soja gwajin ƙwaya ɗaya ya isa ya mayar da shi gida.

Wanda kuma yake ci yake sha yake barci amma har yanzu yana haki tun a farkon gudu, kuɗin kafso ya kai su ɗakin gwaji a duba jininsa. A nan inda zazzaɓin cizon sauro ke kama mutum sau biyu sau uku a damina, ƙarancin jini ya fi ƙarancin jinsen yawa.

Ɗan ƙwallon unguwa mai wasan minti 90: ayaba ko dabino a hutun rabin lokaci da gorar ruwan gishiri da sukari sun wadatar. Mai dogon gudu ya ƙara da kofi, in yana da hali ya gwada bitirut. Ko wanne ne, a gwada shi a tirenin tukuna, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗan yayata yanzu yana shan koko rabin kofi da dabino uku kafin ya fita, ya zuba shida a leda ya soke a ƙugu, ya ci su in ya kai Samaru. Ranar Asabar ya dawo har ƙofar gida bai tsaya ba. Kwalbar zakin tana nan a kan tagata, ta fara yin kumfa a sama, murfin ya kumbura.