Tastar waya ta cece ni a falo, ta yaudare ni a ɗakin sama

Gidan da nake ginawa a Tumfure ya kai matakin rufe silin, masu fi'ofi har sun sauke kayansu. Mai wayarin ya riga ya ja kebul na intanet, Cat6, zuwa ɗakuna biyar, ga kuma wayar dish RG6 guda uku. Da na ce a gwada kafin a rufe, sai ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, sabuwar waya ce fil daga kwali, me za a gwada?" Ƙanina da ke aikin kwamfuta shi ya matsa mini na sayi 'yar tastar nan ta gwada waya mai gida biyu, uwa da 'ya, irin wadda kowa ya sani a shagunan kayan lantarki, mai fitilu takwas a jere.

Batir ba ya cikin kwalin, kuma irin mai kusurwa huɗun nan ne na volt 9, sai da na shiga shago uku kafin na samu. Wannan ya ɓata mini rai, amma a bar shi.

Ranar Asabar muka fara. Ana sa uwar a kai ɗaya, a cire 'yar a kai ta ɗaya ɗakin, fitilu su riƙa bi daga 1 zuwa 8. Ɗakin uwargida lafiya, ɗakin yara lafiya. Muna zuwa falo sai 4 da 5 suka ƙi kamawa. Mai wayarin ya ce kan da ake matsewa a bakin kebul ɗin ne bai matsu ba, ya yanke ya sa sabo. Shiru. Ya sake, shiru. Ya ce tastar ce ta China. Na ce to mu mayar da ita ɗakin yara, nan take ta kawo takwas cif. Daga nan bai ƙara magana ba, ya ɗauki tsani ya hau. Bai yi minti goma ba ya kira ni: ƙusar kafinta ce ta huda bututun a kan katakon rufi, ta tsinke shuɗiyar waya da abokiyarta. Wallahi da an rufe silin ɗin nan, da sai an fasa shi. Abin da ya fi ba ni tsoro, ƙanina ya ce da ba za mu ma lura da wuri ba, domin gudun intanet na megabit 100 wayoyi huɗu kawai yake amfani da su cikin takwas ɗin da ke cikin kebul, 1, 2, 3 da 6. Intanet zai zo, sai dai gudun gigabit, wato megabit 1000, da ke buƙatar duka takwas ɗin ba zai taɓa zuwa ba. Ranar na yabi tastar nan kamar 'yar gida, har hotonta na tura wa abokai.

To amma bayan mun tare sai ga ɗakin sama, wanda ya ba da fitilu takwas reras, yana wasa da hankalina. Kwamfuta ta haɗu, ta yanke, ta koma megabit 100 ta zauna. Ƙanina ya zo ya duba kan kebul ɗin, ya riƙe baki. Ashe yaron mai wayarin ne ya matse wannan, ya jera launukan yadda suka yi masa kyau, iri ɗaya a kai biyun, bai bi tsarin jera launuka da ake kira T568B ba. Wayoyin cikin kebul bibbiyu ake murɗa su, kuma ya kamata koriyar waya da abokiyar murɗinta su zauna a 3 da 6, shi kuwa ya raba su. Ita tasta abin da ta sani shi ne wuta ta shiga ta 3 ta fito ta 3, ba ruwanta da wace waya aka murɗa da wace. Takardar da ke cikin kwalin ko kalma ɗaya ba ta faɗi a kan wannan ba, mai shagon ma da ya ce mini "tana gano komai" bai faɗa ba. Allah ya taimaka gyaran bai wuce sake kawuna biyu ba.

Ɓangaren wayar dish kuwa ban ma so in tuna. Ramin da ke jikin tastar na wani irin kai ne da ake kira BNC, kawunan dish kuma irin masu murɗawa ne na F, babu mahaɗi a kwalin. Da na samo, abin da ta iya nunawa kawai wayar ba ta tsinke ba. Ƙarfin sigina sai da muka ɗauko dikoda da ƙaramar talabijin muka bi ɗaki ɗaki. Fitilun 'yar kuma a hasken rana sai ka kare da tafin hannu kafin ka gani.

Maƙwabcina da ya kai linta ya zo aron tastar jiya. Na ba shi, na haɗa masa da takardar jerin launuka da ƙanina ya rubuta, na ce ya tsaya a kan yaron da idonsa lokacin matse kawuna.