Shagon da ya karɓi kwamfutata bayan an yi garkuwa da bayanaina

Ina da ɗan shagon buga takardu da katin biki a unguwar Mabera da ke Sakkwato, kuma duk abin da nake cin abinci da shi yana cikin kwamfuta guda ɗaya. Wata safiyar Litinin na kunna ta domin in fitar wa wata ɗaliba aikinta na kammala karatu, sai na tarar kowane fayil ya ƙi buɗuwa, an liƙa wa sunansa wasu baƙin haruffa huɗu a ƙarshe. A cikin kowace ma'ajiya an ajiye 'yar wasiƙa da Turanci, ana neman dala 980 kafin a ba ni makullin buɗe fayilolin, ko 490 idan na biya cikin sa'o'i 72. Mu da muke wannan yanki mun san kalmar kuɗin fansa sarai, amma ban taɓa zaton za a nemi shi a kan takardu ba.

Wani maƙwabcina ne ya kwatanta mini wani shagon gyaran kwamfuta a wajen Titin Ahmadu Bello. Wurin ƙarami ne, benci ɗaya da fanka mai ƙara, ga matattun kwamfutoci an jibge har kusa da rufi. Mai shagon bai yi gaggawar karɓar kuɗina ba. Abu na farko da ya yi shi ne ya cire kwamfutar daga intanet, ya hana a soka mata kowane filashi, sannan ya tambaye ni abin da na sauke a kwanakin baya. Na faɗa masa gaskiya cewa yaron shagona ya sauko da manhajar zane ta sata, irin wadda ake fasawa domin a kauce wa biyan kuɗi. Ya girgiza kai ya ce, "Malam, ai kai da kanka ka buɗe musu ƙofa." Ya bayyana mini cewa abin da ya kama ni manhajar garkuwa da bayanai ce, daga dangin da ake kira STOP ko Djvu, wanda ya fi yaɗuwa ta irin waɗannan manhajoji na kyauta, yayin da wasu ire-irensa ke shigowa ta saƙon imel mai ɗauke da takardar bogi, ko ta kwamfutar da aka daɗe ba a sabunta Windows ɗinta ba. Ta wannan hanya ta ƙarshe ce wata irin wannan manhaja mai suna WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, alhali Microsoft ta riga ta toshe wannan kafa tun watan Maris.

Abin da ya sa nake yaba masa shi ne bai yi mini alkawarin da ba zai iya cikawa ba. A gabana ya gwada manhajar buɗewa ta kamfanin Emsisoft, ya kuma duba No More Ransom, shirin da 'yan sandan Turai da na Holan suka kafa a 2016 tare da kamfanonin tsaro domin raba makullai kyauta. Ba a dace ba, domin kwamfutata tana kan intanet lokacin da aka kulle ta, don haka makullina na musamman ne, yana hannun ɓarayin. Ya ce, "Wanga ciwo ba ni da maganinai, kuma duk wanda ya ce maka yana da shi kuɗinka yake so." Da na tambaye shi ko zai shiga tsakani in biya, ya ƙi, yana mai cewa babu wanda zai tsaya mini idan suka karɓe suka yi shiru.

Na yi maganar kai ƙara, tun da Najeriya tana da dokar laifukan intanet ta 2015. Bai hana ni ba, sai dai ya tambaye ni wa za a kamo. Ana karɓar kuɗin ne da bitcoin, a wuce da shi asusu bayan asusu har sawu ya ɓace; wanda ya ƙera manhajar daban, wanda ya yi hayarta ya harba daban, kuma da yawansu suna zaune a ƙasashen da ba sa miƙa 'yan ƙasarsu, irin su Rasha. Amurka da duk ƙarfinta ta tuhumi Park Jin Hyok na Koriya ta Arewa a 2018 kan WannaCry ba tare da ta kai hannu gare shi ba, haka kuma a 2024 ta sa ladan dala miliyan 10 kan Dmitry Khoroshev da ake zargi da shugabancin gungun masu garkuwa da bayanai na LockBit. Idan haka manya suka ƙare, ina ga mai buga katin biki a Mabera?

Aikin da ya yi shi ne na tsintar abin da ya rage. Ya kwashe kullallun fayilolin ya adana a wani faifai ko wata rana makulli zai fito, ya goge kwamfutar ƙarƙaf ya sa mata sabon Windows, ya kuma tilasta mini canza kalmomin sirrina duka, saboda wannan cuta takan zo da mai satar su. Daga tsofaffin filashi da imel da WhatsApp muka haɗo kusan rabin aikina, ciki har da babi uku na ɗalibar nan. Sauran biyun sai da na sake buga mata su daga rubutun hannunta, dare biyu ban yi barcin kirki ba.

Yana da nasa aibin. Ya ce kwana biyu, sai da aka yi biyar, kuma idan aka ɗauke wuta aiki ya tsaya ke nan domin janaretansa ya fi zama a wurin gyara. Bai faɗi kuɗin aiki tun farko ba, bai kuma ba ni rasit ba sai da na nema, abin da bai dace da wanda ake damƙa wa sirrin mutane ba. Naira 15,000 ya karɓa, ban da kuɗin faifan ajiya da ya sa na saya, wanda yanzu nake kwafe aikina a ciki duk Juma'a bayan masallaci, in cire shi in kulle a durowa.