Sharhi kan marufin ragar gaban mota da muka ɗinka a gida, bayan hunturu biyu a Alberta

Kafin in zo Kanada, duk abin da na sani game da zafin inji shi ne yadda za a rage shi. A Kano na koyi tuƙi, inda bakanike kan cire tamostat daga mota ya ajiye gefe domin ruwa ya riƙa zagayawa ba tsayawa, saboda haka ranar da na fara ganin manyan motoci a Kalgari, birni a lardin Alberta, an lulluɓe musu ragar gaba da baƙin ƙyalle, na ɗauka ado ne. Sai da na sayi a-kori-kura mai injin dizal, wadda nake jan ƙaramar tirela da ita ina kai kayan gini, sannan na gane amfanin abin.

Injin dizal ba ya ɓarnar zafi kamar injin fetur, musamman idan yana tsaye ko yana tafiya ba kaya, kuma hitar cikin mota ba ta da wani zafi nata sai wanda ta aro daga ruwan injin. Inji yana son ruwansa ya kai wajen digiri 85 zuwa 95 a ma'aunin Selshiyos kafin ya ƙona mai yadda ya kamata. To, idan sanyin gari ya kai digiri 30 ƙasa da sifili, kana gudun kilomita 110 a sa'a a kan babbar hanya mai lamba 2, iskar da ke kutsowa ta raga tana kwashe zafin da sauri fiye da yadda injin ke samar da shi. A farkon hunturun 2023 nakan bar Kalgari in kusa Red Deer, wato wajen rabin tafiyar kilomita 300 zuwa Edmanton, allurar zafi ba ta kai tsakiya ba, ƙafafuna sun sandare, gefen gilashi kuma ƙanƙara ta kama shi daga ciki.

Da kwali na fara, kamar yadda direbobi da yawa suke yi, na zura shi tsakanin raga da lagireto. Ya yi aiki na kwana biyu, amma da ya sha dusar ƙanƙara da ruwan gishirin da ake zubawa a titi sai ya jiƙe, ya lanƙwashe, ya manne da jikin lagireto. Kamfanonin mota irin su Ford da Ram da GM suna da nasu marufin da aka yanka daidai da kowace raga, sai dai motata tsohuwa ce kuma wanda ya riga ni mallakarta ya sauya mata raga, don haka babu wanda ya zauna mata.

Uwargida ce ta ce in auno mata faɗi da tsawo. Muka sayi leda mai kauri irin wadda ake rufe kujerun kwalekwale da ita, domin tampol na yau da kullum yana ƙagewa ya tsage a tsananin sanyi, ta ninka bakinsa ta ɗinke da kekenta, muka huda ramuka takwas muka sa musu zoben ƙarfe, na ɗaure shi a jikin raga da igiyoyin roba masu kulle kansu. Niyyata ita ce a rufe gaban gaba ɗaya, amma wani dattijon bakanike da nake kai wa motar ya hana ni. Ya nuna mini cewa a bayan ragar nan, ban da lagireto, akwai na'urar da ke sanyaya iskar da turbo ke turawa cikin inji, akwai kuma mai sanyaya man giya, kuma dukansu da iskar gaba suke rayuwa. Ya ƙara da cewa ƙofar da za a bari ta kasance a tsakiya, daidai cibiyar fanka, domin idan iska tana shiga ta gefe guda, fukafukan fanka za su riƙa shiga iska suna fita a kowane juyi, har su gaji su tsage. Da wannan shawara muka yanka taga a tsakiya, muka yi mata murfi biyu masu maɓalli, ana iya buɗe ɗaya ko duka biyun.

Gwajin gaske ya zo a watan Janairun 2024, lokacin da sanyi ya wuce digiri 40 ƙasa da sifili a filin jirgin saman Edmanton. A makon da aka yi wannan sanyi na yi tafiya biyu zuwa arewa, kuma bambancin bai ɓoyu ba. Allurar zafi ta kai mazauninta tun kafin in wuce Airdrie, garin da ke gab da Kalgari, ta kuma zauna a wurin har ƙarshen tafiya, ko da na sauka daga babbar hanya na shiga cikin gari inda a da take komawa ƙasa a kowace danja. Hita ta ba da zafin da har na cire safar hannu, gilashi ya washe, kuma na daina barin mota tana aiki a tsaye na tsawon lokaci da safe, al'adar da ke cinye mai tana kuma tara baƙin hayaƙi a matatar salansa. Wannan na ƙarshe shi ya fi faranta mini rai, domin matatar hayaƙin injin dizal ba ta ƙone dattin da ta tara sai da zafi sosai, kuma gyaranta ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Akwai abin da marufin ba ya yi, kuma ya kamata mai niyyar ɗinka shi ya sani tun da wuri. Ba ya taimaka wa mota ta tashi da asuba, domin injin da ya kwana a waje sanyinsa ɗaya da na gari, an rufe shi ko ba a rufe ba. Wannan aikin na hitar jikin inji ne, wadda ake jona wa lantarki sa'o'i kaɗan kafin fita, tare da batir mai ƙarfi da man dizal na hunturu wanda ba ya daskarewa da wuri. Marufi yana riƙe zafin da inji ya riga ya samar ne kawai.

Ranar da na ga haɗarinsa kuwa a watan Fabrairu ne. Kudancin Alberta yana da wata iska mai ɗumi da ake kira Shinuk, wadda ke gangarowa daga duwatsun Roki ta ɗaga zafin gari da digiri goma sha wani abu cikin sa'o'i kaɗan. Na fita da safe cikin sanyi da tagogin marufi a rufe, na ɗauki kaya masu nauyi zan kai garin Canmore da ke yamma da Kalgari, ban lura cewa kafin azahar dusar ƙanƙara ta fara narkewa ba. Ina hawan tudun Scott Lake a kan hanya mai lamba 1 sai na ji fanka ta kama ruri, motar ta rage ƙarfi, allura kuma ta haura inda ban taɓa ganinta ba. Na gangara gefen titi, na bar injin yana aiki a tsaye har zafin ya sauka, sannan na yanke igiyoyin na cire marufin gaba ɗaya. Allah Ya kiyaye, babu abin da ya lalace, amma laifin nawa ne, domin littafin motar ya faɗi sanyin da ya kamata a sa marufi da wanda ya kamata a cire shi, ya kuma ja kunne game da jan kaya.

Tun daga ranar na kafa wa kaina ƙa'ida. Idan sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili kuma ba na jan komai, nakan rufe murfi ɗaya in bar ɗaya. Idan akwai tirela a baya, duka biyun a buɗe suke komai sanyi. Idan kuwa gari ya kusa sifili, marufin yana bayan kujera. Na kuma sayi ƙaramar na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, wadda ke nuna zafin ruwa da na man giya da na iskar da ke shiga inji da lambobi, domin allurar dashbod ba ta motsawa sai abu ya yi nisa.

Bayan hunturu biyu ledar ba ta tsage ba, ɗinkin ma bai warware ba, sai dai zoben ƙarfe biyu na ƙasa sun yi tsatsa saboda gishiri, kuma gefen marufin ya goge fentin raga a inda yake kaɗawa. Ga mai injin dizal da ke zaune a inda sanyi ke kai wannan matsayi, ina ba da shawarar ya ɗinka, muddin zai bar taga a tsakiya kuma zai riƙa duba hasashen yanayi kafin ya fita. Mai ƙaramar motar fetur ta zamani kuwa da wuya ya buƙace shi, tunda da yawansu suna da fukafukai a bayan raga masu rufe kansu. Kafin Nuwamba mai zuwa za mu sauya zoben da na tagulla, mu sa ƙyalle mai laushi ta ciki, mu kuma maye gurbin igiyoyin roba da maɓallai, yadda zan iya cire shi a bakin titi da safar hannu ba tare da neman almakashi ba.