Injin fetur ko famfon sola: wanne ya fi wa mai noman rani?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya yi tambaya: yana da eka 2 ta tumatir da albasa a fadama, da rijiyar tubwel da injin ban ruwa mai inci 3. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin fetur ke cinye masa riba, kuma yana jin ana ta maganar barin fetur a koma sola saboda sauyin yanayi. Ya sayar da injin ne ya sayi famfon sola?

Malam, amsar tana wajen yawan ruwa da lokacin da ake samunsa, don haka mu fara da nan.

Injin fetur mai inci 3, abin da kamfani ke rubutawa a jikinsa kusan lita 1,000 ne a minti ɗaya, ko da yake tubwel ba kasafai take iya ba shi haka ba. Kana tayar da shi lokacin da ka ga dama, da asuba ko da daddare, cikin awa 4 ko 5 ka shayar da gona ka ɗaure shi a babur ka tafi gida. Famfon sola mai ƙarfin doki 1, wato wat 750, idan tsawon da zai ɗaga ruwa bai wuce mita 10 ba, yakan ba da lita 10,000 zuwa 12,000 a awa, kuma cikakken ƙarfinsa daga misalin ƙarfe 10 na safe ne zuwa 3 na yamma. A wuni, lita 50,000 zuwa 70,000 ke nan. Eka ɗaya ta kayan lambu na shan kimanin lita 24,000 a rana, ban da wanda ke nutsewa a hanyar ruwa kafin ya isa fangali. Ka ga eka 2 ɗinka sola mai doki 1 zai riƙe ta, amma da ƙyar, musamman a Maris da Afrilu. Kuma dole tsarin ban ruwanka ya canza: maimakon ka cika gona gaba ɗaya sau 2 a mako, sai ka raba ta kashi 3 ko 4, kullum ka shayar da kashi guda. Yawancin masu cewa sola ba ta da ƙarfi, so suke ta yi musu aikin inji a awa 4.

Ta fuskar kuɗi, inji araha ne wajen saye, tsada wajen riƙo. Yana ƙona lita 1 zuwa 1 da rabi a awa. In kana yin awa 10 a mako har wata 4, ka ƙona lita 170 zuwa 250. Ninka da farashin lita a garinku, ka ƙara bakin mai da ya kamata a canza duk bayan awa 50 zuwa 100, da fulogi, da wankin kafireta idan an haɗu da gurɓataccen mai na bakin titi. Sola kuwa kuɗinta a gaba yake: famfo, kwantirola (na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga famfo), fanel (faifan da ke mayar da hasken rana wuta), waya da ƙarfen ɗorawa. Ba a buƙatar batir, kuma kada ka yarda a haɗa maka da shi, shi ne ke ninka farashi kuma shi ke fara mutuwa. In kana son ruwan yamma, tanki ko tafkin da aka shimfiɗa wa leda ya fi.

Inda ake yawan cutar manoma shi ne fanel. Ƙarfinsu ya kamata ya ninka na famfo sau 1.3 zuwa 1.5, domin zafi da ƙura suna rage abin da suke bayarwa. Famfon wat 750 yana son fanel 2 masu wat 550, kuma a duba cewa bolt ɗinsu, wato ƙarfin wutar da suke fitarwa, bai haura abin da aka rubuta a jikin kwantirola ba, in ya haura ƙonewa za ta yi. A kafa su suna kallon kudu, a jirkice kamar digiri 10 zuwa 15. Lokacin hunturu a wanke su da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kwana bibbiyu. Zuba ruwan sanyi a kan gilashin da ya ɗau zafin tsakar rana na iya tsattsaga shi. Inuwar reshen mangwaro a kan kusurwar fanel ɗaya ma takan ja ƙarfin sauran ƙasa. Sai yashi: tubwel mai aman yashi tana cinye farfelar famfo cikin kaka ɗaya, don haka a sa rariya a bakin tiyo. A nemi kwantirola mai kashe famfo da kanta idan ruwa ya ɗauke. In kuma ruwan rijiyarka na sauka ƙasa da mita 7 a bazara, famfon sama ba zai jawo shi ba, na sola ne ko na fetur, sai wanda ake zurawa ciki, shi kuma sai bututun rijiyar ya kai faɗinsa.

Ɓarawo ya fi son fanel. Ko a yi musu walda a ƙarfe, ko a ɗora su a kan amalanke a riƙa turawa gida.

Batun yanayi gaskiya ne: kowace lita ta fetur tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, lita 200 ta kusa rabin tan a kaka. Mayar da inji kan gas ɗin girki, kamar yadda manoma da dama suka yi bayan cire tallafi, yana iya rage kuɗi, amma shi ma makamashin ƙarƙashin ƙasa ne. Sola tana da nata haɗarin: da yake ruwan kyauta ne, sai a bar famfo yana ta zuba wuni guda, rijiyoyin maƙwabta su ja baya.

A ganinmu kada ka sayar da injin a kakar farko. Sa sola ta ɗauki aikin kullum, inji ya zauna don ranar dashe, da kwanakin da hazo ya rufe rana. Kafin ka biya kuɗi, ka sa mai sayarwa ya kawo famfon bakin rijiyarka da tsakar rana, ka ajiye durom mai lita 200: famfon da ke ba da lita 12,000 a awa zai cika shi cikin minti ɗaya.