Game of Thrones: Yadda Marubuta Suka Yi da Matan Labarin

Na makara wajen kallon Game of Thrones, domin tashar HBO ta fara haska shi a 2011 ta kammala a 2019, ni kuwa sai a hutun da ya wuce na je wurin masu tura fina-finai a Jekadafari, a nan Gombe, aka zuba mini kashi 73 ɗin gaba ɗaya a kwamfuta. Tun da na gama muke jayayya da yayana, wanda ya riga ni kallo, a kan matan da ke cikin labarin.

A zango huɗu na farko rubutun ya gamsar da ni ƙwarai. Cersei Lannister muguwa ce, amma mai kallo ya san inda muguntar ta samo asali, tunda mahaifinta ya mayar da ita hajar ƙulla ƙawance ya aurar da ita ga sarkin da zuciyarsa ke wurin wata. Olenna Tyrell kuwa ta tuna mini da tsofaffin gidan sarauta waɗanda ba sa zaman fada, amma ba a yanke magana sai da saninsu.

Saɓaninmu a kan Daenerys Targaryen ne. Yaya yana ganin cewa ƙona birnin King's Landing da ta yi a zango na 8 ba abin mamaki ba ne, domin tun a birnin Meereen ta gicciye iyayen gijin bayi 163, daga baya kuma ta sa dodonta mai fesa wuta ya ƙona Randyll Tarly da ɗansa saboda sun ƙi yi mata mubaya'a. Na ce masa, Yaya, duk wannan gaskiya ne, sai dai akwai tazara mai nisa tsakanin hukunta abokan gaba da hallaka talakawan birnin da ya riga ya miƙa wuya, kuma marubutan ba su ɗauki lokaci sun bi da mu wannan tazarar ba. Jon Snow ma, ɗaya daga cikin manyan jarumai maza na labarin, ya rataye yaro ƙarami, amma labarin bai taɓa nuna cewa hankalinsa ya taɓu kamar na Daenerys ba. A ganina gaggawa ce ta jawo haka: zango shida na farko kashi goma-goma ne, na ƙarshe kuwa shida kacal, ga shi manyan marubutan shirin, David Benioff da D. B. Weiss, sun riga sun wuce inda littattafai biyar na George R. R. Martin, waɗanda aka gina shirin a kansu, suka tsaya.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne lamarin Sansa Stark. Cin zarafin da aka yi mata a daren aurenta a zango na 5, a littafi wata yarinya ce dabam ya faɗa wa, kuma a wannan lokacin fuskar namijin da aka tilasta wa kallo aka haska mana, kamar dai baƙin cikinsa ne abin dubawa. Daga baya aka sa mata a baki cewa wahalar ce ta ƙarfafa ta. Da na lura cewa mace ɗaya ce tak, Michelle MacLaren, ta taɓa ba da umarni a shirin, kashi huɗu kuma kawai, sai mamakina ya ragu.

Kiɗan Ramin Djawadi da ɗaukar hoto ba su da makusa har ƙarshe. Tsiraici kuwa ya yi yawa, galibinsa jikin mata ne, kuma sau da dama ba ya ƙara wa labarin komai, don haka ba shirin da za a kunna a falo ana zaune da iyali ba ne. Ni kaina na riƙa tsallake wurare da yawa, kuma ban taɓa rasa zaren labarin saboda haka ba.